Tukwane 24 da Hunturu Biyu: Nazarin Shuka Furanni a Dandalin Wata Unguwa a Jihar Kebbi

Wurin da yadda yake

Dandalin yana cikin wani gari da ke bakin fadamar gulbin Rima, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Ba babban fili ba ne, tsawonsa mita 40, faɗinsa kusan 25. Ta gabas akwai masallacin unguwa, ta kudu katangar makarantar firamare, ta yamma titi. Arewa kuwa a buɗe take, ba gini ba itace, sai hanyar da dabbobi ke bi zuwa kiwo. Itace ɗaya tak ke cikin filin, wani tsohon dogon yaro a kusurwar kudu, inda dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar.

A nan ake ɗaurin aure, a nan ake sallar jana'iza, a nan yara ke cincirindo kafin a buɗe ƙofar makaranta. Da damina ciyawa kan rufe shi. Da ruwa ya ɗauke sai ya koma fako, ƙura ta yi ta tashi tana shiga har cikin sahu, 'yan kabu-kabu kuma su mayar da shi hanyar ratse.

Ni nake riƙe da littafin kwamitin unguwa a lokacin. Duk wata rana da ƙidaya da za a gani a nan daga cikinsa na ɗauko su.

Satumba zuwa Oktoba, shekarar farko: shawara da sayayya

Matasan unguwa ne suka kawo maganar. Ɗaya daga cikinsu ya ga hotuna a Facebook na wani gari a Ingila, inda ake cika manyan tukwane da tsirrai a bakin titi kafin shigowar sanyi. A can abin tsoro shi ne ƙanƙara. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya fasa tukunya, saiwa kuma ta daskare. Shi ya sa suke zaɓen tukwanen da ke jure ƙanƙara, suke kuma binne irin furannin da ke da gindi kamar albasa tun da kaka, waɗanda sai sun sha sanyi a ƙasa suke fure. A wurinmu ruwa ba ya daskarewa. Ba a ta da maganar wannan bambanci a zaman ba.

An zaɓi tukwane maimakon shuka a ƙasa saboda dalili biyu. Ƙasar dandalin fako ce, ƙarƙashinta marmara, diga ma da kyar take shiga. Sannan ana so tukwanen su tare babura ta gefen titi. Mai unguwa ya amince, aka yi karo-karo bayan sallar Juma'a har mako uku.

Wani mai buga bulo ya yi tukwanen siminti 24, bakin kowace santimita 60, zurfinta 50. Irin waɗanda yake yi wa masu kiwo ne don shayar da dabbobi, saboda haka babu huda a gindinsu. Wajen saukewa daga amalanke sai tukwane biyar suka tsage ta ƙasa. An yi ƙorafi, bai yarda ya canza su ba, aka haƙura aka jera su daga can gefen masallaci inda ido ba ya yawan kaiwa.

Ƙasa kuwa daga fadama aka ɗebo ta, baƙa wuluk, da hujjar cewa ita ce mai albarka tunda ita ke ba da shinkafa. Kowace tukunya ta ci kusan baro biyu. Aka samo kashin kaji ɗanye daga wata gonar kaji, aka cakuɗa bokiti ɗaya a kowace.

Tsirrai 72 aka saya a hannun wani mai sayar da fulawa a bakin titi, cikin baƙaƙen ledoji, kuma bai ɓoye ba cewa daga Kudu mota ta kawo su. Akwai kuroton 24, mai ganye ja da rawaya. Iksora 24, mai jan fure cunkus. Bugenbiliya 12, mai ƙaya da fure kamar takarda. Sai 12 na wata gajeruwar fulawa mai fure fari da ruwan hoda, mai ganye sheƙi, wadda asalinta daga tsibirin Madagaska ne, ana yawan ganinta a tsakar gidaje.

Nuwamba zuwa Disamba: dashe da abin da ya biyo baya

An yi dashe ranar Asabar, 4 ga Nuwamba, da hantsi, uku a kowace tukunya. Aka jera tukwanen layi ɗaya kewaye da filin, tazarar taku huɗu tsakani. Kwana goma na farko abin gwanin sha'awa ne, har daga wasu unguwanni ake zuwa ɗaukar hoto.

A mako na uku iska ta juya. Wanda ya zauna a arewacin Kebbi ya san yadda take: daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura mai laushi kamar gari, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Da asuba ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 20, da rana ya haura 30, laimar iska kuma da tsakar rana takan gaza kashi 20 cikin 100. Abin da ke tsattsaga leɓe da diddige shi ke samun ganye. Ganye na fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofinsa, busasshiyar iska na ɗaukewa nan take, saiwa kuma sai ta yi ta turo wani. A dandalinmu iskar ta gefen arewa take shigowa, ta bugi kusurwar masallaci, ta taru ta faɗa kan tukwanen da ke layin arewa.

Kuroton ne suka fara zubar da ganye. Iksora suka yi yaushi, furen ya bushe a kan kara.

Abu na farko da aka yi shi ne ƙara ruwa. Daga bokiti ɗaya mai lita 10 a rana aka koma biyu, safe da yamma. Lita 480 ke nan kullum, kusan jarka 20 daga hannun 'yan ga-ruwa. Ganyen bai miƙe ba, sai ma ya fara yin rawaya daga ƙasa.

Ranar 2 ga Disamba aka ce yunwa ce. Aka watsa takin yuriya tafin hannu ɗaya a kowace tukunya. Cikin kwana huɗu bakin ganyayen da suka rage ya ƙone kamar an kara musu wuta.

Daga nan wani ya ce sanyin asuba ne, aka sayo farar leda ana lulluɓe su da dare. Sau biyu wanda ke da alhakin yayewa ya makara har rana ta take, aka tarar da ganye ya dafe a ciki kamar an turara. Sauran ledojin iska ta yayyaga, ta maƙala su a kan dogon yaro. Awaki ma suka ɗauki rabonsu, suka cinye kan bugenbiliya bakwai kafin yara su kewaye su da ƙaya.

Ranar 30 ga Disamba na bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Daga 72, guda 17 ne ke da rai. Kuɗin ruwa kuma ya cinye abin da ya rage a asusu.

6 ga Janairu: an kifar da tukunya

Akwai wani dattijo a unguwar, mai lambun albasa da tumatir a fadama, wanda shekarunsa na noman rani sun fi shekarun yawancin 'yan kwamitin a duniya. Sau biyar a rana yake ratsa dandalin zuwa masallaci. Tun ranar dashe yake kallo, ba wanda ya tambaye shi, shi kuma bai sa baki ba. Bayan sallar asuba na tare shi a ƙofa, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ko za ka duba muna abin ga?"

Bai ce komai ba sai da gari ya yi haske. Ya zagaya, ya tsaya a kan wata tukunya da duk tsirranta suka mutu, ya ce a kifar da ita. Mutum huɗu suka taru suka tuntsurar.

Ƙasar ta fito dunƙule guda, da siffar tukunyar. Samanta, kamar kaurin yatsu uku, ya bushe ƙamas kamar tubali, ya tsattsage, ya janye daga jikin siminti har hannu na iya shiga tsakani. Ta wannan ramin ruwan da muke zubawa yake gangarawa kai tsaye. Gindin kuwa taɓo ne tsamo-tsamo, kusan kamu ɗaya, yana wari irin na kwata. Ya sa hannu ya zaro saiwar iksora. Baƙa ce, da ya murza ta da yatsa sai fatar ta sulluɓe ta bar zare. Dunƙulen saiwar bai ko fita daga siffar ledar da ya zo da ita ba, wata biyu bayan dashe. A wata tukunyar ma mun tarar da rabin ledar a binne, gindin kawai aka yage.

Ya karkaɗe hannu ya ce, "Ɗana, wagga ƙasa ta shinkafa ta, ba ta tukunya ba. Sama ƙishi, ƙasa nutso."

Sai ya tambaya ina masu ran suke. Na buɗe littafi. Daga cikin 17, guda 12 suna cikin tukwane biyar ɗin nan da suka tsage, waɗanda muka ɓoye a gefen masallaci. Tsagar ta ba ruwa hanyar fita, bangon kuma ya tare musu iska.

Janairu: gyara daga tushe

An zazzage tukwanen duka. Da farko magini ya gwada huda su da kurfi da guduma, ya fasa biyu, suka koma 22. Sai aka aro injin huda bango a wurin wani mai haɗa wutar lantarki, aka yi wa kowace huda huɗu masu faɗin babban yatsa. A kan kowace huda aka kifa tsingaro don kada ƙasa ta toshe ta, aka ɗora tukunyar a kan rabin bulo uku, gindinta ya bar ƙasa.

Haɗin ƙasar Baba ne ya tsara, da kwanon leburori ake awo: kwano biyu na ƙasar jigawa, kwano ɗaya na tsohon taki, kwano ɗaya na ƙonannen buntun shinkafa, rabin kwano na waccan ƙasar fadama bayan ta bushe an daddaka ta. Takin daga wani tsohon turken shanu aka haƙo shi, wanda ya shekara a ajiye. Gwajinsa shi ne a tura hannu cikin tulin: in da ɗumi ko wari, bai nuna ba. Nunanne yakan yi baƙi-baƙi, ya marmashe, ya yi ƙamshin ƙasa. Ɗanyen kashin kaji da muka sa da farko yana da zafi da gishiri, ga shi kuma mun ɗora masa yuriya.

Buntu ba abin nema ba ne a Kebbi. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 noman shinkafa ya ƙara bunƙasa, kusan bayan kowane injin casa akwai tsibinsa. Yadda aka ƙona shi kuwa, an huhhuda tsohuwar garwa, aka sa mata bututun ƙarfe a ka don hayaƙi, aka hura 'yar wuta a ciki, aka tula buntu a kewaye. Wuta na cin sa a hankali daga ciki, ana juyawa da shebur, da ya yi baƙi gaba ɗaya sai a kashe da ruwa. In aka yi sake ya zama farar toka, ya ɓaci, toka mai yawa tana cutar da saiwa. Tulin farko haka ya salwanta mana, na biyu ya yi kyau. Amfaninsa shi ne ba ya bari ƙasa ta dunƙule, yana riƙe laima, kuma ba ya saurin ruɓewa. Da aka gama haɗawa, in ka jiƙa ka damƙa sai ya haɗu, in ka taɓa da yatsa ya watse.

Ta gefen arewa aka kafa dirkoki aka ɗaura zana, tsawon mita 14, tsayin mutum. Wasu sun so a sa kwanon rufi, Baba ya hana. Zana tana barin 'yar iska ta ratsa, ƙarfinta ya karye, kwano kuwa iska tsallake shi take yi ta murɗa ta bayansa, wata rana ma ta kayar da shi. Tukwane 16 aka haɗa su rukuni-rukuni, huɗu-huɗu, suna kare juna. Shida aka bari a layi ta bakin titi saboda babura.

Maganar ruwa ce ta fi ɗaukar lokaci. A kasuwar garin mata masu ginin tukwane na kawo ƙananan tuluna da ba a yi musu shafe ba. An sayi 22 masu cin kusan lita 5, kowane sai da aka cika shi aka jira a ga yana gumi ta jiki. Aka binne ɗaya a tsakiyar kowace tukunya har wuya, aka rufe bakin da murfi saboda sauro da ƙura. Ruwan na tsattsafowa ta jikin yumɓu daidai yadda ƙasar ke bushewa, saiwa kuma ta zo ta naɗe tulun.

Shi ruwan kansa daga wurin alwala ya fito. Shekara da shekaru yana malala ta wani lambatu yana yin caɓi a bayan masallaci. Aka je wurin Malam Liman, ya duba ya ce babu laifi muddin bai haɗu da magudanar bayi ba. Magini ya raba hanyoyin, ya sa bututu zuwa wani duro mai lita 200 da aka binne rabinsa, da 'yar raga a baki tana tace yashi. Aka rubuta a bango cewa kada a yi wanki da sabulu a wurin. Daga ranar ba a sake sayen jarka ko ɗaya ba.

Tsirrai ma ba a saya ba. An yi shela a gidaje, mata suka aiko da abin da ke tsakar gidansu: lalle, moda, alobera, ɗoɗɗoya, na'a-na'a. Wata Hajiya ta aiko da bokiti biyu cike da 'ya'yan moda, ta ce a gaya wa yaran kwamiti shekara ashirin tana gidanta ba ta taɓa neman komai ba sai a manta da ita. Wani tsohon ma'aikacin gandun daji ya ba da kariya takwas. Kariya 'yar ƙasa ce, a dajin Sahel take fitowa, tana ajiye ruwa a kumburarren gindinta, kuma da rani take fure, lokacin da ta zubar da ganye. Ruwan jikinta dafi ne, akuya ba ta kusantarta, don haka aka kai ta layin titi, nesa da ƙofar makaranta, aka kuma ja wa malamai kunne su gaya wa yara.

Kafin a gama wannan aiki biyu daga cikin 17 sun bi sauran. Ranar 20 ga Janairu, bayan la'asar, aka dasa tsoffi 15 da sababbi 45. Aka rufe saman ƙasar da tattakar shinkafa.

Fabrairu zuwa Afrilu: gwaji na gaske

Mako uku na farko ba a rasa ko ɗaya ba. Bugenbiliyar da awaki suka yi wa aski ta yi toho.

Sai gara ta gano tattakar. Ta hau ta jikin bulon, ta gina hanya, ta cinye ciyawar, ta fara taɓa ƙaran lalle. Aka kwashe tattakar duka, aka maye gurbinta da ƙonannen buntu, a tukwanen titi kuma tsakuwa. Kowace Asabar ana duba gindin tukwane a rushe duk hanyar da ta gina.

Kariya uku suka ruɓe daga gindi. Tulu ya yi musu yawa, su da moda da alobera ba sa son ƙasa mai laima kullum. Aka ciro tuluna daga tukwane shida na titi, aka koma ba su ruwa sau ɗaya a mako.

Ɗoɗɗoya ta kamu da darɓa, ganyen ya nannaɗe yana danƙo. Aka tsinto 'ya'yan dogon yaro, aka ɓare, aka daka giram 50 ga kowace lita ɗaya ta ruwa, aka jiƙa ya kwana, aka tace da tsumma aka fesa da yamma. Fesawa uku, tazarar mako guda, ta lafa. Ƙurar da ke kwanciya a kan ganye kuma aka fara wanke ta sau biyu a mako, domin tana toshe ƙofofin ganye tana tare masa haske.

Azumi ya kama a mako na biyu na Maris, daidai lokacin da hunturu ya janye zafi ya sauko, ma'auni yana haura digiri 40. Jadawalin ban ruwa na matasa uku-uku a mako ya watse, kowa na zaton ɗan'uwansa ya yi. Kwana biyar tuluna na bushe. Na'a-na'a ta ƙone gaba ɗaya, ban da wadda ke inuwar dogon yaro. Ranar 27 ga Afrilu ƙidaya ta nuna 38 daga 60. Baba ya sa aka tuge matattun aka jera a ƙasa. Kusan dukkansu sababbin dashe ne, saiwarsu ba ta kai tsawon yatsa ba.

Damina

An kwance zana aka adana a ɗakin ajiyar makaranta, aka kife tuluna. Duk ruwan da aka yi a Agusta, babu tukunyar da ruwa ya kwanta a ciki. Tsirrai biyu kawai aka rasa, suka rage 36.

Satumba zuwa Fabrairu, shekara ta biyu

Wannan karon an fara tun ruwa bai ɗauke ba. Ranar 7 ga Satumba aka kafa 'yar rumfa a bayan makaranta don rainon tsirrai. Yara suka tattaro ledojin fiya wata 150, aka yanke bakinsu, aka huda gindin, aka cika da haɗin ƙasar nan. An yanko rassan bugenbiliya masu kaurin fensir, tsawon kamu ɗaya, da na lalle, aka kuma yafa irin fulawar Madagaska da aka tara daga waɗanda suka rayu. Bugenbiliya ba ta da saurin kamawa, sai ta yi mako shida ko fiye kafin ta yi saiwa, kuma ba su kai rabi ba waɗanda suka kama. An san da haka shi ya sa aka yanka da yawa.

Daga 5 ga Oktoba aka fara sabar da su da wahala. A rage rufin rumfar kaɗan-kaɗan, a rage ruwa, har suka iya wuni a rana ba su yi laushi ba. A tukwanen kuma aka kwashe kamu ɗaya na ƙasar sama aka zuba sabon haɗi, aka zura ƙarfe ta ƙasa aka tabbatar hudojin a buɗe suke, aka wanke tuluna aka mayar.

Ranar 19 ga Oktoba da yamma aka dasa 30, adadin ya koma 66. Kowace leda sai da aka yage ta gaba ɗaya, aka ɗan warware saiwar da yatsa. Ranar 2 ga Nuwamba aka mayar da zana, tun iska ba ta juya ba. Ragowar tsirran rainon aka raba wa gidajen da suka ba da nasu bara.

An soke jadawalin matasa. Aka damƙa ban ruwa a hannun mutum ɗaya, mataimakin ladan, wanda dama shi ke buɗe masallaci da asuba, ana ba shi ɗan ihsani duk wata daga asusun Juma'a. 'Yan aji shida ke wanke ganye ranar Litinin da Alhamis. A watan Janairu wani farin abu kamar kanwa ya fito a bakin tukwane, gishirin ruwan burtsatse ne ke taruwa. Sau ɗaya a wata aka riƙa kwarara ruwa mai yawa har ya fita ta ƙasa ya wanke shi.

Ranar 22 ga Fabrairu aka yi ƙidayar ƙarshe: 61 daga 66. Ruwan da ake amfani da shi bai wuce lita 100 a rana ba, duk daga duron alwala. Bugenbiliya ta rufe rukunin gefen masallaci da ja, kariya biyar da suka tsira duk sun yi fure a kan ƙaran da babu ganye. Kuroton ɗaya ne ya rage cikin 24 na asali, a inuwar dogon yaro. Iksora babu ko ɗaya.

Hukunci

A ganina abin da ya kashe dashen farko tun kafin a sa tsiro ɗaya a ƙasa aka yi shi. Tukunya marar huda da laka mai riƙe ruwa sun isa, ko da ba a yi hunturu ba. Tukwanen nan biyar da suka tsage su ne shaida: ƙasa ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya, amma su suka riƙe 12 cikin 17. Yaushin ganye ya ruɗe mu saboda tsiron da saiwarsa ta ruɓe da wanda ke jin ƙishi kamanninsu ɗaya ne a ido. Mun ƙara ruwa, mun ƙara taki, mun lulluɓe, kowane mataki ya ƙara wa ciwon gishiri, kuma ba wanda ya tura yatsa cikin ƙasar sai bayan wata biyu. Wannan laifin har da ni, tunda ni ke rubuta mutuwar kullum ban taɓa cewa a tona a gani ba.

Na biyu shi ne lokaci. Mun ɗauki hunturu a matsayin abokin gaba saboda hotunan da muka gani na ƙasar ƙanƙara, alhali masu lambu a fadama sun san shi ne lokacin da albasa da tumatir da latas ke jin daɗi. Sanyin ba ya kashe komai a nan. Iskar ce ke busarwa, kuma ita ana iya tare ta da zana. Mai kisa na gaske bazara ce, hunturu kuwa dama ce da tsiro ke samu ya yi saiwa kafin ta iso. Dashen 20 ga Janairu mako bakwai kawai ya samu, na 19 ga Oktoba ya samu wata huɗu da rabi.

Sayen tsirran da aka raina a laimar Kudu a dasa su kai tsaye cikin iskar Nuwamba asarar kuɗi ce. Ba na ba kowace unguwa a wannan yanki shawarar sa iksora a fili. Tulu kuma ya yi aiki, amma ba ga kowane tsiro ba, kariya uku ne kuɗin wannan darasi. Ban ruwa kuwa bai daidaita ba sai da ya zama aikin mutum ɗaya da aka sani da suna, wanda ƙafarsa ke wurin kowace asuba.

Abin da bai warware ba shi ne zana. Hunturu biyu ta yi, gara da rana sun cinye gindinta, ba za ta ga na uku ba, kuma sayen sabuwa duk bayan shekara biyu nauyi ne a kan asusun da bai taka kara ya karya ba. Baba ya kawo shawarar a dasa aguwa a wannan layi, irin wadda ake shingen gona da ita, tunda reshe kawai ake yankowa a kafa a ƙarshen rani, kuma dabba ba ta cin ta. Kwamiti ya amince. Za a fasa marmarar da diga a watan Mayu, rami ɗaya mai tsawon mita 14, a sake sayen zana sau ɗaya ta tsaya a bayansa har aguwar ta kai ƙirji.